Darasinmu na Wannan Mako: Yadda Jikin Kaza Ke Sarrafa Bitamin D

 Darasin wannan mako a kan kaji ne, kuma ya shafi duk wanda ake kiwo a gidansu.

Ummana tana da kaji masu ƙwai guda 40 a wani ɗaki da ke bayan gidanmu. Da kuɗin ƙwan nan ake saya mini littattafai da sabulu, da shi ake ba ni kuɗin tara. Da abincin kaji ya yi tsada, sai Umma ta fara haɗa nata da kanta. Tana sa masara da dusa da waken suya da garin ƙashi da farar ƙasa. Abu ɗaya ta bari, wato wani ɗan ƙullin garin bitamin da masu sayar da kayan kaji ke kira firimis. Ta ce ɗan mitsitsin abu ne, ga tsada, barin sa ba zai yi komai ba.

Bayan wasu makonni sai ƙwai ya fara zuwa da ɓawo marar ƙwari. Da ka ɗauka sai ya fashe a hannunka. Wani ma ba ɓawon sam, sai wata fata mai laushi. Mai shayin da ke sayen ƙwanmu ya ce in aka ci gaba da haka zai koma wani wurin. Abin mamaki, kajin Hausa guda uku da ke yawo a tsakar gida suna tsince-tsince, ƙwansu garau yake. Na kai wa malaminmu na aikin gona wannan tambaya. Amsar da ya ba ni, da abin da na karanta bayan nan, su ne na tattara muku a nan.

Mene ne aikin bitamin D?

Ƙashin kaza da ɓawon ƙwai duk da sinadarin kalsiyam ake gina su. Ƙashi kuma yana buƙatar wani sinadarin mai suna fosforas. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam kusan giram 2. Kazar da ta yi ƙwai 300 a shekara ta fitar da kalsiyam kusan giram 600 ke nan, alhali ita kanta nauyinta bai cika kilo 2 ba.

To, kalsiyam yana iya cika a cikin abinci amma ya kasa shiga jini yadda ya kamata. Sai ya bi ta hanji ya fita a kashi. Bitamin D shi ne ke sa hanji ya tsotse shi. Wannan shi ne abin da ya sami kajin Umma. Farar ƙasa da garin ƙashi suna nan a abincinsu, amma babu mai shigar da su jini. Masara da waken suya da dusa ba su da wani bitamin D da za a dogara da shi.

Iri biyu ne manya: D2 da D3

Na farko shi ne D2, sunansa na kimiyya argokalsiferol. Ana samun sa idan hasken rana ya bugi yis ko naman kaza, wato wannan abin mai kama da lema da ke tsirowa da damina.

Na biyu shi ne D3, sunansa na kimiyya kolekalsiferol. Shi kuma fatar dabba da ta mutum ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Ana kuma samun sa a man hantar kifi da gwaiduwar ƙwai.

Wataƙila wani zai tambaya, ina D1? Abin da aka fara kira D1 daga baya an gano ba abu ɗaya ba ne, gaurayen D2 ne da wani sinadari, shi ya sa aka daina amfani da sunan.

A jikin mutum da na ɓera, D2 da D3 duk suna aiki. A jikin kaza ba haka ba ne. Ƙarfin D2 a wurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin D3 ba. Ga abin dariya: bitamin ɗin da ke cikin naman kaza ba ya yi wa ita kazar wani amfanin kirki.

Dalilin yana cikin jini. Bitamin D ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Saboda haka hanta tana yin wani furotin da ke ɗaukar bitamin D yana yawo da shi a jini, kamar ɗan dako. Ɗan dakon da ke jinin kaza yana riƙe D3 gam, amma riƙon da yake yi wa D2 sako-sako ne. Abin da ba a riƙe da kyau ba kuwa, jiki yana saurin lalata shi ya zubar ta ruwan matsarmama. Kafin D2 ya yi wani aiki, an riga an fitar da mafi yawansa.

Hanyoyi biyu da D3 ke shiga jikin kaza

Hanya ta farko ita ce rana. A fatar kaza akwai wani sinadari ɗan uwan kolestarol. A cikin hasken rana kuma akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana kiran sa UVB. Idan wannan haske ya sauka a fata, sai ya canza wancan sinadari, ɗumin jiki kuma ya ƙarasa mai da shi D3. Gashi yana tare haske, don haka fatar ƙafafun kaza, inda babu gashi, ita ta fi yin wannan aiki. An auna an ga sinadarin ya fi yawa nesa ba kusa ba a fatar ƙafa a kan fatar baya.

Ku lura da abu ɗaya. Gilashin taga yana barin haske ya wuce, amma yana tare UVB. Kwanon rufi da bango kuwa ba a maganarsu. Ɗakin kajinmu ƙaramar taga ɗaya gare shi, ita ma da gilashi. Kajin Hausan nan uku kuwa kullum suna cikin rana. Ka ji bambancin.

Hanya ta biyu ita ce abinci. D3 da ke cikin abinci yana wuce ƙundu ya isa ƙaramin hanji. A can ruwan matsarmama yake farfasa man da ke cikin abinci, sai D3 ya bi man ya ratsa bangon hanji. Daga nan jijiyar jini ta kai shi hanta. Wannan ya nuna kazar da hanjinta ke ciwo, ko take zawo, ba za ta tsotsi bitamin ɗin sosai ba ko da yana cikin abincinta.

Tashoshi biyu: hanta da ƙoda

D3 da ya fito daga fata ko daga abinci bai iya aiki ba tukuna. Sai ya tsaya a tashoshi biyu an gyara shi.

Tasha ta farko hanta ce. A nan ake liƙa masa wani ɗan guntu, wanda ya ƙunshi ƙwayar oksijin ɗaya da ta haidurojin ɗaya, a gurbi mai lamba 25 na jikinsa. Sai sunansa ya koma kalsidiyol. Wannan shi ne nau'in da ya fi yawa a jini, kuma shi ake aunawa idan ana son a san ko dabba ko mutum yana da isasshen bitamin D. Kamar hatsi ne a rumbu, yana jiran a buƙace shi.

Tasha ta biyu ƙoda ce. A nan ake liƙa masa irin wancan guntu a gurbi mai lamba 1. Sai ya zama kalsitiriyol. Wannan shi ne mai aikin. Yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ƙoda ba ta yin sa barkatai.

Wa ke gaya wa ƙoda lokacin da za ta yi shi? A gindin wuyan kaza akwai wasu 'yan ƙananan halittu da ake kira faratayirod. Aikinsu lura da yawan kalsiyam a jini. Da zarar ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadarin saƙo zuwa ƙoda, ita kuma ta ƙara yin kalsitiriyol. Idan kalsiyam ya wadata, saƙon sai ya ragu, ƙoda kuma ta koma liƙa guntun a gurbi mai lamba 24, wanda shi ne matakin farko na lalata bitamin ɗin a zubar.

Ga jerin a taƙaice don masu kwafa a littafi:

Rana ko abinci → D3 → hanta → kalsidiyol → ƙoda → kalsitiriyol → hanji da ƙashi.

Abin da kalsitiriyol ke yi

Yana da manyan ayyuka uku. Na ɗaya, yana shiga ƙwayoyin bangon hanji ya sa su ƙera wani furotin mai suna kalbindin, wanda ke kama kalsiyam ya taimaka a ƙetare da shi zuwa jini. Yana kuma ƙara tsotsar fosforas. Na biyu, yana taimaka wa ƙoda ta rage asarar kalsiyam. Na uku, idan kalsiyam ɗin abinci bai isa ba, yana haɗuwa da saƙon faratayirod su ciro shi daga ƙashi.

Wannan na ukun yana da muhimmanci ga kaza mai ƙwai. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar kimanin awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kuma kusan awa 20 daga ciki gina ɓawo ake yi. Yawancin ginin nan da dare ne, lokacin da kaza ba ta cin abinci. Saboda haka idan sagara ta kusa fara ƙwai, jikinta yana gina wani ƙashi na musamman mai kama da soso a cikin ramin manyan ƙasusuwanta. Asusu ne. Da rana ta zuba kalsiyam a ciki, da dare ta ciro ta yi ɓawo. Idan babu bitamin D, asusun ba ya cika, sai jiki ya koma cin ainihin ƙashin. Daga nan kaza ta fara kasa tsayuwa, ƙashinta ya riƙa karyewa cikin sauƙi.

Wasu nau'o'in da ake sa wa a abincin kaji

Ban da D3, masana sun samar da nau'o'in da suka riga suka wuce wata tasha.

Akwai kalsidiyol da aka haɗa a masana'anta. Shi ba ya buƙatar tashar hanta, kuma hanji yana tsotsar sa cikin sauƙi fiye da D3. Yana da amfani ga 'yan tsaki, da kajin nama masu saurin girma, da tsofaffin kaji masu ƙwai waɗanda hantarsu ta yi kitse.

Akwai wani mai suna alfakalsidol. Shi an riga an liƙa masa guntun gurbi na 1, don haka ba ya jiran ƙoda. Da hanta ta liƙa masa nata, ya zama kalsitiriyol.

Akwai kuma shi kansa kalsitiriyol. A Kudancin Amurka, musamman Ajantina da Burazil, akwai wani tsiro ɗan dangin gauta da ganyensa ke ɗauke da shi a haɗe da sukari. Shanun da suka ci ganyen da yawa suna ramewa, kalsiyam ya taru a jijiyoyinsu da zuciyarsu. Amma idan aka auna ɗan kaɗan, ana amfani da shi a abincin kaji.

Ga darasin da ke nan. Duk nau'in da ya tsallake ƙoda ya tsallake mai gadi. Jiki ba shi da yadda zai ce ya isa haka. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin amfani da cutarwa ƙarama ce a irin waɗannan, kuma ba abin da mutum zai auna da cokali a gida ba ne.

Wani abin mamaki kuma: an gwada ciyar da kaji da kalsitiriyol kaɗai, ba D3. Sun yi ƙwai mai ɓawo mai kyau, amma yawancin ƙwan bai ƙyanƙyashe ba. Dalili shi ne D3 da kalsidiyol su ne ke shiga gwaiduwa sosai, kalsitiriyol kuwa ba ya shiga da yawa. Ɗan tsakon da ke cikin ƙwai yana buƙatar bitamin D don ya jawo kalsiyam daga ɓawo ya gina ƙashinsa. In babu, sai ya mutu a ciki.

Kaji sun taimaki kimiyya

A farkon ƙarni na 20, manoma a Amurka da Turai sun sha wahalar renon 'yan tsaki a ɗaki lokacin sanyi, domin ƙafafunsu sai su yi rauni. A shekarun 1920 masana a Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa man hantar kifi ko hasken rana yana hana wannan ciwo. A 1922 ne Elmer McCollum ya nuna cewa abin da ke cikin man hantar kifi mai gyara ƙashi wani bitamin ne daban, wanda aka sa wa suna D. Wannan ilimi na cikin abubuwan da suka sa kiwon dubban kaji a cikin ɗaki ya yiwu.

A shekarun 1930 aka lura cewa bitamin D da aka samu daga yis yana warkar da ɓeraye daidai da man hantar kifi, amma a wurin 'yan tsaki ya gaza. Wannan ya sa masana suka gane ba iri ɗaya ba ne, har aka tantance D3 a 1936. A 1966 Wasserman da Taylor na Jami'ar Cornell suka gano kalbindin a hanjin ɗan tsako. A 1970 Fraser da Kodicek a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa ƙoda ce ke yin nau'in mai aiki, kuma da ƙodar kaji suka yi gwajin. Yau likitoci suna amfani da wannan ilimi wajen kula da mutane masu ciwon ƙoda.

Ɗan lissafi

Ana auna bitamin D da ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin buhu. IU 40 su ne maikurogiram 1, wato kashi ɗaya idan aka raba giram gida miliyan. Kamfanonin abincin kaji sukan sa tsakanin IU 2,000 zuwa 5,000 a kowane kilo.

Mu ɗauki IU 3,000. Buhu mai kilo 25 yana da IU 75,000. A raba da 40, an sami maikurogiram 1,875, wato bai kai miligiram 2 ba a duk buhun. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 a rana, ke nan rabonta IU 330, kimanin maikurogiram 8. Abin da ido ba zai iya gani ba, shi ne ya kusa raba mu da mai shayi.

Alamomin rashi da na yawa

A 'yan tsaki, rashin bitamin D yana kawo laushin ƙashi. Ba sa girma da kyau, suna yin 'yan taku kaɗan su zauna a kan gwiwa, bakinsu da faratansu su yi laushi har su lanƙwasu, haƙarƙarinsu ya yi ƙulle-ƙulle.

A manyan kaji, ɓawo yana yin siriri, ƙwai ya ragu, ƙyanƙyasa ta lalace, ƙashi ya yi rauni.

Idan kuma ya yi yawa, kalsiyam yana taruwa a ƙoda da jijiyoyin jini ya lalata su. Tun da bitamin D ba ya narkewa a ruwa, jiki ba ya saurin fitar da rarar sa. Rana ba ta jawo wannan, domin fata tana daina tara shi idan ya isa. Zuba magani ba bisa ƙa'ida ba ne ke jawo shi.

Malam ya ja kunnena cewa ba duk ɓawo marar ƙwari ne laifin bitamin D ba. Lokacin zafi kaji suna haki, hakin yana rage iskar kabon da ke jininsu wadda ake buƙata wajen gina ɓawo. Tsohuwar kaza tana yin babban ƙwai mai siririn ɓawo. Ƙarancin kalsiyam a abinci da wasu cututtukan numfashi su ma suna kawo haka. Sannan masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar wata guba mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, in hanta ta lalace kuwa tasha ta farko ta tsaya. Don haka a kira likitan dabbobi ko malamin gona ya duba kafin a sayi magani.

Abin da za mu kai gida

1. A duba jikin buhu ko ƙullin bitamin, a tabbata D3 aka rubuta, ba D2 ba.
2. Mai haɗa abinci da kansa kada ya bar firimis, kuma ya gauraya shi sosai.
3. A ajiye abinci da bitamin a wuri mai sanyi marar laima, domin zafi da laima da daɗewa suna rage ƙarfinsu. A duba ranar lalacewa.
4. A bar kaji su sha hantsi a fili mai shinge, da inuwa da ruwa a kusa. Rana ta cikin gilashi ba ta wadatarwa.
5. Kada a ba kaji hatsin da ya yi fumfuna.
6. Kada a ƙara awo a kan abin da aka rubuta.

Da na kai wa Umma wannan bayani, ta ce, “Kai yaron nan, yanzu ɗan garin nan ne ya jawo mana duk wannan asara?” Na ce, “Umma, shi ne, tare da rashin rana.” Ta kira malamin gona ya duba kajin, ta mayar da firimis, Yayana kuma ya kewaye wani gefen bayan gida da waya don su riƙa fitowa da safe. Ba a daɗe ba ɓawon ya fara ƙwari. Kaji biyu da ƙafafunsu suka riga suka lalace ba su tashi ba, sai yanka su aka yi. Da gaske ne rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin gwaji

1. Me ya sa D2 ba ya daɗewa a jinin kaza?
2. Waɗanne gaɓoɓi biyu ne ke gyara D3, kuma mene ne sunansa bayan kowace tasha?
3. Daga ina kaza ke samun kalsiyam ɗin ɓawo da dare?
4. Idan kilo ɗaya na abinci yana da IU 2,000, maikurogiram nawa ne a buhu mai kilo 25?

A rubuta amsa a takarda, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen allo kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a fitowa ta gaba.

Daga wani ɗan ƙungiya, aji biyu na ƙaramar sakandare.